Zato Tsakanin Ma'aikata A Ƙasar Bagudo

Akwai wata al'ada da muke gani a ofisoshi da makarantun ƙasar Bagudo, wadda ya kamata malamai da akawuna su duba. Da zarar an kawo sabon ma'aikaci, tun bai ɗauki alli ko alƙalami ba, an riga an yanke masa hukunci. In Bafillacen Ka'oje ne, a ce hankalinsa na wurin shanu. In daga Birnin Kebbi aka aiko shi, a ce girman kai ba zai bar shi ya zauna ƙauye ba.

Amma wanda ya fi shan wuya shi ne mutumin Illo ko Lolo ko Tsamiya. Don an ji yana Dandanci ko Busanci da danginsa, sai a dinga raɗa wai ɗan Benin ne, ya ƙetaro cin albashi, har a ƙi ba shi riƙon rajista. To, masu faɗin haka sun manta tarihi. Ingila da Faransa ne suka ƙulla yarjejeniya a 1898, suka raba ƙasar Bargu biyu. Illo ta faɗa hannun Ingila, wasu dangin suka saura a Dahome, wadda ta zama Benin a 1975. Ba a shawarci kakan kowa ba.

Abin mamaki kuwa, ranar da iyaye suka ƙi kawo yara makaranta, shi ɗin nan ake aikawa, domin shi ne mai iya zama da su ya lallashe su da harshensu. In yaran sun zo, hedimasta ke shan yabo.