Dokar Hana Auren Jinsi Ɗaya: Ina Aka Kwana?

Ranar Alhamis 30 ga watan Mayu 2013 Majalisar Wakilai ta Tarayya ta amince da shirin dokar hana auren jinsi ɗaya, watau auren namiji da namiji ko mace da mace. Shugaban Majalisar a wancan zamani shi ne Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, lauya, wanda jama'ar Kebbe da Tambuwal suka fara aikawa wakilci a 2003. Majalisar Dattawa ta riga ta amince tun cikin Nuwamba 2011, sa'an nan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu ranar 7 ga Janairu 2014.

Da wuya a sami wanda zai fito fili ya soki wannan doka a Kebbe ko Dogon Daji ko Jabo. Amma da wuya kuma a sami mutane da yawa da suka san abin da ta ƙunsa, domin sunanta ya ɓoye rabin aikinta. Ta yanke ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure. Ta kuma yanke shekara 10 ga wanda ya shaida shi ko ya taimaka, da wanda ya kafa ƙungiyar masu wannan ɗabi'a ko ya shiga ko ya goyi bayanta, da wanda ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Wannan kashi na biyu shi ne tushen gardama.

Masu goyon bayan dokar suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko addini. Musulunci ya haramta luwaɗi da maɗigo, labarin mutanen Annabi Luɗu sananne ne ga kowane ɗalibin makarantar allo, manyan majami'un Kirista na Nijeriya ma a kan haka suke. Ta biyu ita ce Turawa ne ke son cusa mana al'adarsu. Wannan zargi ya ƙara ƙarfi cikin Oktoba 2011, sa'ad da Firayim Ministan Ingila, David Cameron, ya yi barazanar rage taimako ga ƙasashen da ke hukunta 'yan luwaɗi. Maganar ba ta tsinana kome ba sai ingiza 'yan Majalisa, gama ba wanda ke son a ce ya sayar da mutuncin ƙasarsa saboda kuɗi. Ta uku tsoron lalata yara.

To, amma akwai abin dubawa. Tun kafin 2014 luwaɗi laifi ne a Arewa. Sashe na 284 na kundin Final Kot, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14. Shi kansa kundin an ɗauko tsarinsa ne daga na Sudan, wanda ya samo asali daga dokar da Ingilishi suka rubuta wa Indiya a 1860. Ashe har da hanin ma akwai hannun Bature a ciki. Bayan haka Jihar Sakkwato ta kafa dokokin Shari'a a 2000, inda hukuncin ke iya kaiwa ga rajamu. Lalata da yaro kuwa, mace ko namiji, laifi ne mai zaman kansa da ba ya bukatar sabuwar doka. Kuma ba wata kotu ko ofishin rajista a ƙasar nan da ya taɓa samun ikon ɗaura irin wannan aure. Me ke nan dokar ta ƙaro?

Lauyoyin kare hakkin ɗan Adam sun ce abin da ta ƙaro shi ne zato. Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa kariyar sirrinsa a sashe na 37, da 'yancin taro a sashe na 40, amma yanzu zaman biki kaɗai ya isa a kwashe mutum. Cikin Janairu 2014 taron jama'a suka yi ta jifan wata kotun Shari'a a Bauchi suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Wata guda bayan haka aka fasa gidaje a unguwar Gishiri ta Abuja, aka lakaɗa wa mutane duka. Ƙungiyar Human Rights Watch, cikin rahotonta na 2016, ta tattara labaran waɗanda aka tatsi kuɗinsu da barazanar tona asiri. 'Yan daudu, waɗanda aka daɗe da sani a kasuwanni da tashoshin ƙasar Hausa suna sayar da abinci, su ne suka fi saurin faɗawa, alhali kuwa tafiyar mutum ko muryarsa ba shaida ba ce a kowace kotu.

Nan ne ya kamata mai karatu Musulmi ya tsaya ya yi nazari. Shari'ar da ta tsananta hukuncin ita ce kuma ta tsananta hanyar tabbatar da shi. A mazhabar Malikiyya sai da shaidu huɗu adilai da suka gani da idonsu, ko iƙirarin mai laifi da bakinsa ba tare da tilas ba. Wanda ya jefi wani da wannan laifi bai kawo shaidu ba, bulala 80 ta ƙazafi ta hau kansa. Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane da yawan zato. Wanda ya ƙwace wayar saurayi yana leƙe, ko ya tara matasa da sanduna, ba Shari'a yake bi ba, ko da kuwa da kabbara ya fito.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya shafi kowa. Wani bincike da aka yi a Abuja, mujallar likitoci ta Lancet HIV ta buga a 2015, ya nuna cewa a cikin mazan da abin ya shafa, masu jin tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 cikin ɗari zuwa kashi 38 bayan dokar. Wasu daga cikin irin waɗannan maza magidanta ne. Idan mai ɗauke da ƙanjamau ya guji gwaji da magani, matar da ke ɗaki ita ce za ta ɗanɗana.

Ƙasashen Afirka ba su zama baki ɗaya ba. Afirka ta Kudu ta halatta auren tun 2006, Mozambik ta soke laifin a 2015, kotun Botswana a 2019, Uganda kuwa ta ƙara tsanantawa a 2023. Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Afirka, a ƙudurinta mai lamba 275 na 2014, ba ta nemi kowa ya halatta aure ba. Abin da ta nema shi ne a daina duka da kisa da kamun zalunci, a kuma hukunta masu yi.

A kotu kuwa dokar ba ta yi wani tasiri ba. Wata babbar shari'a da aka yi a ƙarƙashinta ita ce ta mutum 47 da 'yan sanda suka kama a wani otal a Legas cikin Agusta 2018, aka nuna fuskokinsu a talbijin. Cikin Oktoba 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa na Babbar Kotun Tarayya ya kori ƙarar, saboda masu gabatar da ita sun yi sakaci wajen kawo shaidu. Kafin ranar, wasu daga cikin mutanen sun rasa aiki, wasu kuma danginsu sun kore su daga gida.