Na'urorin Zamani da Faɗuwar Tsofaffi

Tun da aka kammala Madatsar Ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zama ya canza a ƙasar Kura da Bunkure. A da yawancin aikin gona na damina ne. Yanzu kuwa shinkafa da alkama da tumatir ba sa barin manomi ya huta. Samari suna gona, yara suna makaranta, sai a bar tsoho ko tsohuwa su kaɗai a ɗaki. Wani dattijon ma yakan yi sammako shi ɗaya ya tafi ban-ruwa, yana bin gefen magudanar ruwa mai santsi da gansakuka.

Faɗuwar tsoho ba irin ta yaro ba ce, domin ƙashinsa ya yi rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne faɗuwa take kashewa kowace shekara, kuma 'yan sama da shekara 60 sun fi kowa yawa a cikinsu. Babban haɗarin shi ne tsoho ya karye a ƙugu, ya daɗe kwance babu wanda ya sani.

To, a nan ne na'urorin zamani suke da amfani. A shekarar 2018 kamfanin Apple ya fito da agogon hannu mai gane faɗuwa. A cikinsa akwai 'yan na'urori masu auna saurin motsi da juyawar hannu. Idan mutum ya faɗi da ƙarfi, agogon yakan yi ƙara ya tambaye shi ko lafiya. In ya yi kamar minti ɗaya bai motsa ba, sai agogon ya nemi agaji da kansa, ya kuma aika wa dangi saƙon inda yake.

Sai dai irin wannan agogo yana da tsada, ga shi yana bukatar caji da sabis. Saboda haka mu fara da abin da muke iyawa. Akwai fitila mai aiki da hasken rana wadda take kunna kanta da zarar ta ji motsi. A kafa ta a hanyar makewayi da wurin alwala, inda tsofaffi suke bi da asuba. Ƙaramar waya kuma ana iya saita ta yadda danna lamba ɗaya zai kira ɗa ko jika. A rataya wa tsoho ita a wuya, ya tafi da ita har gona.

Duk da haka, na'ura ba ta hana jiri, ba ta maganin yanar ido. Dole ne a riƙa kai tsofaffi asibiti a duba idonsu da hawan jini, a gyara dokin ƙofa, a samar musu sanda mai ƙwari.

'Yan'uwana ɗalibai, mu ne muka iya waya, saboda haka wannan aiki namu ne. Iyayenmu kuma su taimaka da kuɗin fitila. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba kakanninmu lafiya, amin.