Jirgi Lafiya Lau, Dutse a Cikin Gajimare

Idan aka ce jirgin sama ya faɗi, abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne inji ya mutu, ko wuta ta kama, ko wani ƙarfe ya ɓalle. A ƙasashen can ƙuryar arewacin duniya, irin su Norwe da Suwidin da Aislan da jihar Alaska ta Amurka, da yawa daga cikin haɗurran da suka fi cin rayuka ba haka suka auku ba. Jirgi lafiyarsa ƙalau, injuna na aiki, matuƙi na zaune da hankalinsa, fasinjoji sun ɗaura bel suna jiran sauka. Abu ɗaya ne ya kuskure: inda matuƙin yake zaton yana, ba nan yake ba. Da hannunsa yake tuƙa jirgin har ya kai wa dutse karo, sau da yawa bai ma ga dutsen ba.

Duk wanda ya san hazon hunturu a Kano ko Maiduguri, ranar da ake soke tashin jirage don ba a hangen ƙarshen titi, ya kama bakin zaren. Sai dai hazonmu yakan bar ƙasa da launinta. A can kuwa ƙasa fara ce fat da dusar ƙanƙara, sama fara ce da gajimare, hasken rana ya watsu ko'ina har inuwa ta ɓace. Ido ba ya raba gangaren dutse da sararin sama. Matuƙi zai iya rantsewa yana gani sarai, alhali farin da yake kallo bango ne.

Na'urorin ma sanyi yana yi musu wasa da hankali. Ma'aunin tsayi na jirgi ba tazarar ƙasa yake aunawa ba, nauyin iska yake ji ya fassara shi zuwa ƙafa ko mita. Iska mai tsananin sanyi takan takure, saboda haka jirgin yakan kasance ƙasa da abin da allura ta nuna, da wajen kashi 4 cikin 100 a kan kowane digiri 10 da sanyi ya zarce ma'aunin da aka gina na'urar a kai. A kan fili ba komai ba ne. Tsakanin tsaunuka, wannan ɗan bambanci ya isa ya raba mai rai da gawa. Kamfas kuma yana rikicewa idan aka matso maganaɗisun arewa, ga tashoshin rediyo masu nuna hanya jefi-jefi, ga kwaruruka masu matsi waɗanda in ka shiga babu wurin juyawa.

Haɗarin da ya fi tattara waɗannan darussa wuri guda shi ne na tsibiran Svalbard, ranar 29 ga Agusta, 1996. Svalbard ƙasar Norwe ce, kusan rabin hanya tsakanin gaɓar Norwe da ƙoƙon arewacin duniya, amma yarjejeniyar 1920 ta ba wasu ƙasashe izinin haƙar ma'adinai a can. Ta wannan ƙofa Rasha ta riƙe garuruwan kwal guda biyu, Barentsburg da Pyramiden. Kamfanin kwal ɗin, Arktikugol, shi ya yi shatar jirgin Vnukovo Airlines samfurin Tupolev 154 ya kwaso ma'aikata daga Mosko zuwa filin jirgin Longyearbyen. Mutum 141 ne a ciki, yawancinsu mahaƙa 'yan Rasha da Yukiren, wasu da iyalansu.

Filin yana da titi ɗaya, ana iya sauka a kansa ta fuska biyu. Ta yamma ana shigowa ne ta saman ruwa, hanya a buɗe. Ta gabas kuwa sai an biyo wani kwari mai suna Adventdalen, duwatsu dama da hagu. Matuƙan sun shirya wa ta yamma. Da suka matso, jami'in da ke filin ya shaida musu cewa ta gabas ake sauka ranar, saboda yanayin iska. A nan aka fara samun tangarɗa. Jami'in ba mai ba da umarni ba ne, aikinsa ba da bayani kawai, zaɓi yana hannun kyaftin. Matuƙan ba su fahimci haka sosai ba. Sun nemi a bar su su sauka ta inda suka shirya, amma Turancin da aka yi maganar da shi bai isar da saƙon ba. Shi bai gane roƙo suke yi ba, su kuma suka ɗauka an hana su. Sai suka haƙura suka kama hanyar da ba su yi wa tanadi ba.

Hanyar gabas tana da wata dabara. Saboda duwatsu, layin rediyon da ake bi bai miƙe da titin sauka ba, a karkace yake. Titin yana fuskantar digiri 283, layin shigowa kuwa digiri 300 ne, sai an zo kusa a karya a daidaita da titi. Matuƙan suka saita na'urorinsu a kan 283. Daga nan bayanai suka fara saɓa wa juna: wannan na'ura ta ce dama, waccan ta ce hagu, ga GPS tana nata. Na'urar naɗar magana ta nuna mutanen da ke gaban jirgin suna gardama kan inda za a karkata, mai duba hanya kuma aiki ya yi masa yawa, don shi ne har ila yau yake riƙe da rediyo. Babu rada a filin da za ta nuna wa na ƙasa cewa jirgi ya kauce. Duk da wannan ruɗani suka ci gaba da gangarowa cikin gajimare, kuma wannan ne kuskuren da ba shi da magani. Matuƙin da ya rasa inda yake tsakanin duwatsu, abu ɗaya ya rage masa: ya ƙara wuta ya hau sama, a sake lale.

Jirgin ya kauce wa layi da kilomita 3.7 ta hannun dama. Ƙararrawar gargaɗi ta yi kuka ƙasa da daƙiƙa goma kafin karo. Da ƙarfe 10:22 na safe, da rana ba da dare ba, ya bugi dutsen Operafjellet a tsayin mita 907, kilomita 14 daga filin. Wani sashe na tarkacen ya tsaya a kan dutsen, wani ya gangaro tare da dusar ƙanƙarar da karon ya zabtaro. Ba wanda ya tsira. Har yau babu haɗarin jirgi da ya kai shi cin rai a ƙasar Norwe. An kai gawarwakin birnin Tromso, inda masana suka yi amfani da gwajin ƙwayoyin halitta suka tantance kowa da kowa, abin da a wancan zamani sabon abu ne a haɗari mai girma haka. Garuruwan biyu ƙanana ne, kusan kowa ya rasa wani da ya sani. Shekara biyu bayan nan, a 1998, aka rufe mahaƙar Pyramiden, garin ya zama kufai.

Mai karatu zai ce, to ina amfanin ƙararrawar? Na'urar gargaɗin kusantar ƙasa, wadda injiniya Don Bateman haifaffen Kanada ya yi fice wajen ƙirƙiro ta, Amurka ta wajabta wa manyan jiragen fasinja ita tun tsakiyar shekarun 1970, kuma ta ceci rayuka masu yawa. Amma ta farkon ƙasa kawai take kallo, kamar makaho mai laluben rami da sanda. In ƙasa tana tasowa a hankali, za ta faɗa da wuri. In bango ne a tsaye, sai an zo gab. Wadda ta biyo bayanta a ƙarshen shekarun 1990 tana ɗauke da taswirar duwatsun duniya a cikinta, tana haɗa ta da GPS, don haka tana hango abin da ke gaba.

Ita ma sai in taswirar na ciki. Ranar 15 ga Maris, 2012, jirgin sojan saman Norwe samfurin Hercules C-130J, sabo kusan dal, ya tashi daga Evenes zuwa Kiruna a arewacin Suwidin lokacin wani atisayen soja, da hafsoshi biyar. Hasumiyar Kiruna ta ba shi izinin gangarowa zuwa ƙafa 7,000. Tsakaninsa da Kiruna akwai Kebnekaise, dutse mafi tsayi a Suwidin, kimanin mita 2,100. A takarda ƙafa 7,000 ta ɗan ɗara haka, amma da yanayin iskar ranar jirgin yana wajen mita 2,000 ne a zahiri. Matuƙan sun ɗauka mai hasumiya yana lura da duwatsu, shi kuwa bai san takamaiman inda jirgin yake ba. Na'urar gargaɗin an sa ta a tsarin da sojoji ke amfani da shi don tafiya ƙasa-ƙasa, kuma taswirar wannan tsari ba ta wuce layin digiri 60 na arewa ba. Kebnekaise yana kusa da digiri 68. Na'urar ba ta ce uffan ba. Sai bayan kwana biyu aka tabbatar da inda tarkacen yake.

Ba kullum labarin ke ƙarewa da makoki ba. Ranar 14 ga Satumba, 1950, jirgin kaya na kamfanin Loftleidir na Aislan, mai suna Geysir, yana dawowa daga Luxembourg da ma'aikata shida, ya kauce hanya cikin mummunan yanayi ya daki saman Vatnajokull, shimfiɗar ƙanƙara mafi girma a ƙasar. Ya faɗa kan dusa mai laushi, duka shidan suka rayu. Kwanaki ana nema a wuraren da ba nan suke ba, har mutane suka fara yanke ƙauna, sai ma'aikacin rediyon jirgin ya tono na'urar neman agaji daga cikin tarkace ya aika saƙo. Sojan Amurka suka turo jirgi mai takalman sulu, ya sauka lafiya, ya ƙi tashi. Mai ceto ya koma abin ceto. A ƙarshe da ƙafa aka sauko da kowa, tare da ayarin da ya taso daga garin Akureyri. Da sanyi ya sassauta a 1951, mutanen Loftleidir suka koma suka tono jirgin Amurkan daga cikin dusa, suka ja shi da katafila har gindin ƙanƙarar, suka tashe shi. Kuɗin da suka samu da suka sayar da shi ya taimaka wa kamfanin ya miƙe a lokacin da yake tangal-tangal.

Wannan tonon ya kawo mu ga halin da ya raba haɗarin arewa da na ko'ina. A daji ko a hamada tarkace yana nan inda ya faɗi. A kan tsaunin ƙanƙara kuwa tafiya yake yi. Dusa tana zuba shekara bayan shekara, ta danne ta zama ƙanƙara, ƙanƙarar kuma ta riƙa malalowa gangare kamar kogi, sai dai kogin da tafiyarsa ta shekara guda mutum zai iya takawa kafin shayi ya huce. Abin da ta haɗiye a sama, wata rana za ta amayar da shi a ƙasa.

Ranar 12 ga Maris, 1948, jirgin Northwest Airlines da ya taso daga Shanghai zuwa New York ya sha mai a Anchorage ta jihar Alaska, ya tashi da dare, ya bugi Dutsen Sanford da mutum 30, 24 daga cikinsu ma'aikatan jirgin ruwa ne masu komawa gida. Masu bincike sun yi zaton hasken nan mai rawa da ke bayyana a sararin arewa da dare ya taimaka wajen ɓoye wa matuƙan dutsen. Cikin 'yan kwanaki dusa ta rufe komai, aka bar mutane da jita-jitar wai jirgin zinariya ya ɗauko. Sai a 1999 wasu matuƙa biyu da suka shafe shekaru suna nema suka tsinci hannun mutum a bushe a cikin ƙanƙara, da zanen yatsunsa bai goge duka ba. A 2008 aka tabbatar da mai hannun, shekara sittin bayan rasuwarsa.

Na Dutsen Gannett ya fi wannan girma. Ranar 22 ga Nuwamba, 1952, jirgin sojan Amurka samfurin C-124 ya taso daga sansanin McChord a jihar Washington zuwa Elmendorf kusa da Anchorage, da mutum 52. Ya bugi dutsen cikin mummunan yanayi, saura 'yan mintoci ya isa. An hango wutsiyarsa bayan kusan mako guda, amma kafin masu ceto su yi wani abu dusa ta binne wurin, aka haƙura. Iyalai suka yi zaman makoki babu gawa. A watan Yunin 2012 wasu sojoji da ke atisaye a jirgi mai saukar ungulu suka hango tarkace a kan kogin ƙanƙara na Colony, kimanin kilomita 20 daga inda aka yi karon. Cikin shekara biyu aka tantance mutum 17 aka miƙa wa danginsu, daga baya adadin ya haura 40, kuma waɗanda suka karɓi akwatunan sau da yawa 'ya'ya ne da suka tsufa, ko jikokin da ba su taɓa ganin mamacin ba.

A shekarun da suka biyo baya, aikin nemansu ya kasance na ɗan taƙaitaccen lokaci a kowace shekara, yawanci a watan Yuni, bayan dusar sama ta narke kuma kafin ƙanƙarar ta yi laushin da takawa zai zama kasada. Masu aikin suna sa takalma masu ƙusoshi, su jera suna bin ramuka da tsaguna a sunkuye, suna tsintar ɗan ƙashi, maɓalli, guntun takarda, kwalin taba. Sauri suke yi, domin bakin kogin ƙanƙarar yana karyewa yana zubawa cikin tafkin George da ke gindinsa, kuma abin da ya riga su faɗawa ruwan ba a sake ganinsa.