Mai koyon zane: yaya zai san ya ci gaba?

Yau zancenmu na zane ne. Kun san zanen ƙwarya, kun san zanen bango, kun san zayyanar allo da ake yi ma mai saukar karatu. Waɗannan gadonmu ne. Amma akwai wani zane dabam. Shi ne mutum ya dubi abu, ya sa shi bisa takarda, har wanda ya gani ya ce: "Wanga rago ne, kuma balami ne." Shi ake ce ma zanen kamanni.

Ku tuna ranar da kuka fara riƙa alli wurin karatun manya. Hannun da ya saba da kalme ya yi nauyi. Baƙi guda sai da kuka yi gumi kafin ya tsaya. To, mai koyon zane ma haka yake fama, har wahalarsa ta ɗara taku. Ku, malami ya rubuta baƙi bisa allo, kun kwaikwaya. Shi kuwa babu wanda ya ja masa layi bisa jikin rago. Shi zai nemo layin da idonsa.

Nan gardama take tashi tsakanin kai da ido. Ku ɗauki ƙwarya. Kowa ya san bakinta zagaye ne kamar wata daren sha huɗu. Ku ajiye ta bisa tabarma, ku ja baya taki uku, ku zauna, ku duba. Bakin nan ya matse. Ya zama kamar ƙwan zabo a kwance. Ido ya ga haka sarai. Amma kai sai ya ce: "Ni na san ƙwarya tun ina yaro, bakinta zagaye ne." Sabon ɗalibi yana bin maganar kai. Sai ya zana zagaye, ƙwaryar ta fito kamar za ta kife. Aikin watannin farko duka shi ne a sa kai ya yi shiru, a bar ido ya yi magana.

Haka yake ga fuskar mutum. In an ce ku zana fuska, za ku sa idanu can sama kusa da gashi. Ku auna da zare ku gani. Daga tsakar kai zuwa haɓa, idanu suna tsakiya. Tsawon babban mutum kuwa, in an auna da kansa, ya kai kai 7 zuwa 7 da rabi. Yaro ɗan shekara guda, kamar kai 4 ne. Wanda bai san wannan ba, in ya zana jariri, sai ya fito ƙaramin dattijo.

Awon ba shi da wuya. Ku riƙa fensir, wanda wasu ke ce ma kiriyon. Ku miƙe hannu duka, kada ku lanƙwasa gwiwar hannu. Ku rufe ido guda. Ku sa bakin fensir daidai saman abin, ku sa babban yatsa daidai ƙasansa. Kun sami tsawo ke nan. Ku kwantar da fensir, ku ga sau nawa tsawon ya shiga cikin faɗi. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna. Mai zane ma haka.

Da me za a fara? Mu dai shawararmu, albasa. Mutanen Galmi da Ƙonni ba sa rasa ta. Ba ta motsi, ba ta gajiya, ba ta cewa an mune ta. Kuma albasar Galmi tana da sheƙi, haske yana zama bisa jikinta sosai. Ku ajiye guda bisa farar takarda da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana ke bugowa daga gefe. Da tsakar rana inuwa tana shigewa ƙarƙashin abu, ba ta koya muku kome. Ku kanne idanu kaɗan. Za ku ga wurin da haske ya buga. Za ku ga gefen da ya yi duhu. Za ku ga inuwar da ta faɗi bisa takarda, wadda ta fi baƙi daidai gindin albasa. In kun ja layin kewaye kawai, kun zana faifai. Sai kun sa duhun nan albasa za ta cika, ta zauna da nauyinta.

Kada tsadar kaya ta hana ku. Gawayi ya isa. Takardar buhun siminti ma ta isa, in an kakkaɓe ta, irin wadda masu tsire ke naɗe nama. A Malbaza, inda ake yin siminti tun shekarun 1960, ba sai an gaya ma kowa ita ba. Gawayi yana bin yatsa: ku murza, duhun ya yi laushi. Inda kuke son haske, ku ɗiga alli.

Sai batun nisa. Ku tsaya bakin kwalta tsakanin Ƙonni da Tsarnawa. Babbar mota da ke can nesa ba ta fi kwalin ashana ba. Gefen hanya biyu kamar za su haɗe wuri guda. Kai zai sake cewa: "Ƙarya ne, faɗin hanya ɗaya ne." Ku ƙyale shi, ku auna da fensir.

Yanzu ga abin da ya sa muka kawo zancen nan. Mai koyon zane, farko yana murna. Duk abin da ya zana, daɗi yake ji. Bayan ƴan watanni sai murna ta ƙare. Ya dubi aikinsa ya ga wuya ya yi tsawo, ƙafa ta karkace, inuwa ta yi datti. Sai ya ce: "Da na fi iyawa. Baya nake ci." Da yawa nan suke ajiye fensir, ba su sake ɗauka. Abin tausayi ne, don ba baya suke ci ba. Ido ne ya riga hannu. Kurakuran nan suna nan tun farko, da ba ya ganinsu, yanzu yana gani. Ku ma kun san haka. Sai da kuka iya karatu kuka fara ganin kuskure cikin wasiƙarku ta farko.

Don haka kada ku yaga tsohon zane, ko ya yi muni. Ku rubuta rana da wata da shekara a ƙasansa. Ga amfanin rubutun da kuka koya. Ku zaɓi abu guda da ba ya lalacewa, kamar tulu ko buta, ku zana shi kowane farkon wata daga wuri guda. Bayan wata shida ku jera takardun bisa tabarma. Zuciya tana iya ruɗin mutum ranar da ya gaji. Takarda mai kwanan wata ba ta ruɗi.

In idonku ya saba da zane har ba ku ganin aibinsa, ku nuna shi ga madubi, ko ku juya shi kai ƙasa. Karkatar da ta ɓoye sai ta fito fili. Kuma ku san wanda za ku nuna ma aikinku. Uwa za ta ce ya yi kyau. Aboki zai yi dariya. In saniya kuka zana, ku kai ta kasuwar dabbobi ta Badagishiri, cikin gundumar Ilela, ku nuna ma makiyayi. Bai taɓa riƙa fensir ba, amma nan take zai ce muku tozon bai zauna daidai ba. Ku dubi ƙafar baya da kyau. Abin da kuke gani kamar gwiwa ta juya baya, diddige ne. Gwiwar gaske tana sama, kusa da ciki. Wanda ya gane wannan, ya huta da ƙafar doki da ta jaki da ta akuya gaba ɗaya.

Wasu za su ce wannan aikin Nasara ne. Ku ji labarin Dabus, arewa da Agadas, wajen hanyar Arlit. Akwai raƙuman dawa biyu da mutanen da suka sassaƙa bisa dutse. Babban ya fi mita 5. Masana sun ce sun kai shekara 6,000 ko fiye. An fara rubuta labarinsu cikin 1987. Tsawon wuya, ƙafafu, dabbare-dabbaren jiki, duka suna wurinsu. Mai wannan aikin ya daɗe yana kallon raƙumin dawa kafin ya taɓa dutse.

Nan jahar Tawa ma muna da misali, marigayi Mustafa Alasan. An haife shi cikin 1942. Da farko makanike ne. Tun yana yaro yake zane, yana yanka surori yana nuna inuwarsu da fitila, jama'a na kallo. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan mai silima, Jean Rouch. Daga baya ya tafi Kanada, ya ƙara sani wurin Norman McLaren, gwanin sa zane ya yi motsi. Cikin 1966 ya fito da ɗan gajeren fim mai suna Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi. Zanen ban dariya ne, ba na kamanni sosai ba. Amma ku lissafa aikin. Silima tana nuna hoto 24 cikin daƙiƙa guda. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu, minti guda yana cin zane 720. Kowane kuwa dole ya yi kama da na bayansa, in ba haka ba kwaɗon ya riƙa sake kama. Ya zauna Tawa shekaru da yawa yana aikinsa, ya rasu a Wagadugu cikin 2015.

Mun san akwai malaman da ba su yarda da zana mai rai ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi malaminsa. Hanyar koyo ba ta toshe ba: ga rumbu, ga amalanke, ga gawo, ga injin ban ruwa. Awo da haske da inuwa duka ɗaya ne. Kuma ana neman mai wannan hannun. Mai gyaran babur yana son allon da wanda bai yi karatu ba zai gane daga nesa. Littafin noma yana son hoton da zai nuna tazarar dashe daidai. In hoton ya karkace, manomi ya dasa karkatacce.

Zanen gawayi yana gogewa. In kun gama, ku sa wata takarda bisa fuskarsa kafin ku ɗora na gaba. Ku sa su duka cikin leda, ku rataye nesa da bango, saboda gara da yoyon damina. Mu kwana nan.