Tambayoyin da ya kamata mutum ya yi kafin ya ɗauki lauya

A Azare, hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum a Jihar Bauchi, da garuruwan da ke kewaye kamar Gamawa da Shira da Giade, rikicin gona da rabon gado da bashin kasuwa na daga cikin abubuwan da ke kai jama'a kotu. Sau da yawa mutum kan damƙa takardunsa ga lauyan da ya fara cin karo da shi, sai shari'a ta yi nisa sannan ya gane akwai abin da bai tambaya ba. Alhali kuwa matambayi ba ya ɓata.

Abu na farko shi ne tabbatar da cewa lauyan na gaske ne. Bisa Dokar Aikin Lauyoyi ta 1975, digirin jami'a kaɗai bai isa ba. Sai mutum ya kammala Makarantar Koyon Aikin Lauya ta Najeriya, an rantsar da shi, an kuma shigar da sunansa cikin rajistar da ke Kotun Ƙoli. Don haka mai ƙara na da damar tambayar shekarar da aka rantsar da lauyan da lambar rajistarsa, ya kuma duba ko yana manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, a kan takardun da yake sa wa hannu. Wannan ne ke raba lauya da 'yan kamasho masu tare mutane a harabar kotu.

Tambaya ta biyu ita ce wace kotu ce ke da hurumin sauraron ƙarar, kuma ko lauyan ya saba aiki a gabanta. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci hurumi kan aure da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara. Shi kuwa filin da ke da takardar shaidar mallaka ta gwamna, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta kai shari'arsa Babbar Kotun Jiha. Idan aka shigar da ƙara inda bai dace ba, ana iya soke hukuncin gaba ɗaya a wajen ɗaukaka ƙara, ko da an shafe shekaru ana zarya. Lauyan da ya gwanance a kwangila ba lallai ne ya san ilimin rabon gado ba.

Na uku shi ne batun kuɗi. Umarnin da ya tsara ladan lauyoyi na 2023 ya wajabta wa lauya ya ba wanda ya ɗauke shi aiki sharuɗɗan aikin a rubuce. Ya kamata a tambaya ko kuɗin da aka yanke na shari'ar ne baki ɗaya ko na kowane zama, ko ya haɗa da kuɗin shigar da ƙara da na isar da sammaci, da kuma wanda zai biya kuɗin mota idan lauyan daga Bauchi ko Kano yake zuwa. Haka nan a san abin da zai faru ranar da aka ɗage zama ba a yi komai ba. Duk abin da aka biya a karɓi rasit.

Na huɗu, ko lauyan na da alaƙa da abokin shari'a. A garin da kusan kowa ya san kowa, ba abin kunya ba ne a tambaya ko ya taɓa yi wa ɗaya ɓangaren aiki. Ƙa'idojin aikin lauyoyi sun wajabta masa bayyana irin wannan alaƙa tun farko, kamar yadda suka wajabta masa riƙe sirrin wanda yake wakilta.

Na biyar, yaya yake ganin ƙarfin ƙarar? Lauya nagari zai faɗi raunin hujja kamar yadda zai faɗi ƙarfinta, ya kuma yi bayanin hanyar sulhu, wadda a rikicin 'yan'uwa takan tsare dukiya da zumunci a lokaci guda. Wanda ya yi alkawarin nasara tun kafin ya karanta takardu, ko ya nemi kuɗi da sunan zai ga alƙali, a guje shi.

Na shida, saura kwana nawa? Mai son ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu a shari'ar da ba ta laifi ba yana da wata 3 bayan hukuncin ƙarshe, amma kwana 14 kacal idan hukunci ne na tsakiyar shari'a. Wanda wa'adi ya wuce shi sai ya roƙi kotu ƙarin lokaci, kuma ba dole ne ta amince ba.

Daga ƙarshe, a san wanda zai riƙa tsayawa a kotu, shi lauyan ne ko wani na ƙasa da shi a ofishinsa, da yadda za a riƙa samun labarin kowane zama. Ya kamata mai ƙara ya ajiye kwafin kowace takarda, kada ya miƙa ta asali sai an rubuta masa shaidar karɓa.

Wanda ba shi da halin biyan lauya zai iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin marasa galihu. Wanda kuma lauya ya ci amanarsa zai iya kai koke ga NBA ko Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda ke da ikon dakatar da lauya ko soke sunansa daga rajista.