Faɗin aibun kaya ma sana'a ce: tsakanin ƴan kasuwa da masu aikin hannu

 Maganar da muka ɗauko muku yau ta samo asali ne daga wani kira da wata baiwar Allah ta yi mana a cikin shirinmu na rediyo, inda masu saurare kan bugo waya su faɗi abin da ke damunsu. Yarinya ce da ba ta wuce shekara ashirin da ƴan kai ba, ta koyi ɗinki a ɗaya daga cikin cibiyoyin koya wa mata sana'a na nan Yamai, kuma abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne yi wa zannuwan gado da rigunan matashin kai ado da zare, irin waɗanda ake sa wa amarya cikin kayan ɗaki.

Ta ce akwai wata Hajiya a unguwar Koira Kano mai saida kayan ɗaki a cikin gidanta, wadda ta karɓi zannuwa 6 a hannunta, bayan wata guda ta sake karɓar wasu 6, kuma duk lokacin da ta kai kaya abin da take ji shi ne: "Madalla ɗiyata, aiki ya yi kyau." Da ta kai na uku sai aka ce mata babu kasuwa, ta dawo wani lokaci. Haka ta yi ta zarya har wata huɗu. Daga baya ne ta ji a bakin wata maƙwabciyar Hajiyar cewa wata uwar amarya ce ta maido da zanen da ta saya, domin tun wankin farko jan zaren ya zuba, ya ɓata farin yadin gaba ɗaya. Yarinyar tana magana muryarta na rawa, ta ce: "Da ta gaya mini tun ranar, da na canza zare. Yanzu ga zannuwa 10 na ɗinka da wannan zaren, duk jarina yana cikinsu."

Mun ɗauki ƙafa mun je Koira Kano, unguwar da sunanta a Zabarmanci yake nufin gari mai daɗi, inda mata da dama ke sana'arsu daga cikin gida, kuma masu saye na zuwa har falo su zaɓi kaya. Hajiyar ta karɓe mu hannu biyu, kuma ba ta musa ko ɗaya daga cikin abin da aka faɗa ba. Ta ce: "Ɗana, kunya ce ta hana ni. Yarinya ce mai ladabi, ta sha wahalar aikin nan, yaya zan dubi idonta in ce kayanta sun ɓata mini ciniki?" To jama'a ku duba abin da wannan kunya ta haifar. Yarinya ta rasa mai saye, jarinta ya maƙale. Hajiya ta biya uwar amarya kuɗinta daga aljihunta, ta kuma rasa mai yi mata ɗinki mai kyan hannu. Duk wannan asara a kan kalma guda da ba a faɗa ba.

Kushen ciniki

Akwai kuma wata ɗabi'ar da ta fi shirun Hajiya yawa a kasuwanninmu, wato kushe kaya domin a samu ragi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Habu Bene ko Katako ko Wadata ya ga yadda ake yi. Baduku ya kawo jakunkunan da ya yi kwana da kwanaki yana ɗinkawa, mai sari ya ɗauki guda da yatsa biyu, ya taɓe baki ya ce: "Wannan ai ba aiki ba ne, yara ka ba su yi maka?" Alhali a ransa ya san kayan sun yi, so yake jikka 10 ta koma jikka 7. Kowa ya san dabarar ciniki ce, shi ma badukun ya sani. To amma illar ita ce, mai aikin hannu da ya saba jin kushe kowace rana sai kunnensa ya toshe. Ranar da aka faɗa masa aibu na gaskiya, sai ya ɗauka shi ma neman ragi ne, ya koma rumfarsa ya maimaita kuskuren.

Ke nan masu aikin hannu namu suna tsakanin yabon da babu gaskiya a cikinsa da kushen da babu gaskiya a cikinsa. Ko ɗaya ba ya gyara ɗinki.

Me ya sa maganar ta shafi ɗan kasuwa?

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a fagen aikin hannu. Tun shekara ta 1959 aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yau yake ɗauke da sunan Bubu Hama, kuma aka ba maƙera da dukawa da masaƙa wuri a cikinsa suna aiki a gaban masu kallo. A shekara ta 1998 Alfadi ya shirya bikin FIMA na farko a Tigidit kusa da Agadas, duniya ta zo ta ga tufafi da kayan adonmu. Tun shekara ta 2000 ake gudanar da SAFEM, wato baje kolin aikin hannu na mata, wanda aka sha yi a kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata. Masu aikinmu kuma kan kai kayansu baje kolin SIAO na Wagadugu, wanda aka fara a 1988. Fatar jar akuyar Maraɗi, da aikin dukawan Damagaram, da azurfar Agadas, da tabarmin Madawa, da tukwanen Mirya da na Bubon, da bargon tera-tera na masaƙan yammacin ƙasa, duk sunansu ya wuce iyakokinmu.

A shekarun da baƙi ƴan yawon buɗe ido ke cika Agadas da Yamai, mai aiki yana ganin mai saye ido da ido, yana jin abin da yake so da abin da ba ya so. Rashin tsaro ya rage waɗannan baƙi ƙwarai, ga kuma kayan kamfani masu araha daga Sin da Dubai sun cika rumfuna. Yau mafi yawan abin da baduku ko mai ɗinki ya yi, ta hannun ɗan kasuwa yake isa ga mai saye. Ke da kike zaune a rumfa, ke ce kike jin matar da ta ce hannun jaka ya yi gajere, ke ake maido wa takalmin da ya ɓalle bayan sati biyu. Mai aikin ba ya nan lokacin. Idan ba ki kai masa labari ba, babu mai kai masa. Shi ya sa muke cewa wannan labari da kike ji jari ne, daidai da kuɗin da ke cikin lalitarki.

Sai an san aiki ake faɗin aibunsa

Kafin a buɗe baki, a fara duba kaya da kyau. Tsofaffin ƴan kasuwa suna da hanyoyinsu, kuma ba su da wuya. Aikin zare, juya shi ake yi a dubi bayansa, domin a can ake ganin ƙulli da saƙo-saƙon da fuska ta ɓoye. Idan ana shakkar launi, a jiƙa farin ƙyalle a goga, in zai zuba nan take zai nuna. Kayan fata kuwa hanci ne alƙalinsu na farko: fatar da ba ta ji jima da bagaruwa yadda ya kamata ba takan yi wari, kuma warin yana ƙaruwa da damina. Sannan a ja hannun jaka a ga inda aka ɗinke shi, don nan ne take fara mutuwa. Tukunya ko tulu, ƙwanƙwasawa ake yi, wanda ya gasu sosai yana da amo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Tabarma a dubi bakinta da kusurwoyinta, in kabar ba ta kamu a nan ba, ba za ta yi ƙarko ba.

Wanda ya yi wannan dubawa, maganarsa tana da nauyi. Akwai bambanci tsakanin "jakar nan ba ta yi ba" da "Malam, dubi nan, ɗinkin hannun layi ɗaya ne, in mace ta zuba kaya masu nauyi zai tsinke, ka ninka shi." Ta farko ɓacin rai kawai take kawowa. Ta biyu kuwa, mai aiki zai tafi gida da abin da zai yi gobe da safe.

Yadda ake faɗa

Abu na farko da muka koya daga bakin waɗanda suka daɗe a harkar shi ne a raba ciniki da gyara. A gama maganar kuɗi, a biya, sannan a ce: "To yanzu ga abin da nake so ka duba a na gaba." Tunda kuɗinsa na aljihunsa, ya san ba ragi ake nema ba, sai ya buɗe kunne.

Sannan a dubi wuri. Aibun da aka faɗa wa mutum a tsakiyar kasuwa, gaban almajiransa da abokan sana'arsa, ya zama tozarci ko da gaskiya ne. A ja shi gefe, ko a bi shi rumfarsa. Kuma a fara da abin da ya yi daidai, amma a faɗe shi da sunansa: furen nan ya fita, haɗin launin nan shi ya jawo masu saye. Wannan ba daɗin baki ba ne. Mai aiki yana bukatar sanin abin da zai riƙe kamar yadda yake bukatar sanin abin da zai bari. In aibun ya kai biyar, a zaɓi ɗaya ko biyu da suka fi kawo asara, sauran a bari sai wani zuwa.

A kuma bambanta aibu da ra'ayi. Zaren da ke zuba aibu ne, babu gardama. Amma cewa ba kya son shuɗi da ruwan goro a haɗe, wannan ra'ayinki ne, wata kuma shi take nema. In masu sayenki ne ba sa so, ki faɗa a haka: "Matan da ke zuwa wurina sun fi ɗaukar mai launi biyu." Kada ki ce aikin ne ba shi da kyau. Haka nan zanen da maƙeri ko masaƙi ya gada daga iyayensa yana da ƙa'idarsa, ba komai ba ne za a ce ya canza don yayi.

Shekaru ma abin dubawa ne. Dattijon da ya yi shekara arba'in da basilla a hannu ba a koya masa sana'a. Tambaya ake yi masa: "Baba, wata ta maido mini da irin wannan, ta ce nan ya buɗe, me kake ganin ya jawo?" Sau da yawa shi da kansa zai gano abin da ya fi wanda kika gani. Mai koyo kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da sannu, don kada ya karye. Mun san ƴan mata da suka ajiye allura har abada saboda baƙar magana guda.

Game da lokaci, gara a nemi samfuri ɗaya a duba kafin a ba da odar dozin. Gyaran zane ɗaya abu ne mai sauƙi, gyaran goma kuwa karyewar jari ce.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi tamu gaskiyar ga ƴan kasuwa. Wani aibun daga wurinku yake fitowa. Wanda ya matsa wa mai ɗinki har ribarta ta ƙare, shi ya tura ta sayen zare mai araha. Wanda ya kawo aikin wata guda ana saura kwana goma Sallah, kada ya yi mamakin ɗinkin gaggawa. Idan ana son kaya mai ƙarko, a biya kuɗin ƙarko, a ba da lokacinsa.

Ku kuma masu aikin hannu, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku riƙa tambaya da kanku: me masu saye suka ce? An maido da wani abu? Wanda ya ga kuna son ji, zai fi samun ƙarfin faɗa. Wanda kuwa ya faɗa sau ɗaya aka ɗaure masa fuska, ba zai sake ba, sai dai ya nemi wani mai aikin a ɓoye.

Game da waɗancan biyu, mun haɗa su a falon Hajiya a Koira Kano. Hajiya ta ɗauko zanen da aka maido, ta shimfiɗa, ta ce: "Ɗiyata, hannunki ba shi da laifi, kin ga furen nan babu wanda bai yaba ba. Zaren ne ya ci amanarmu, ni kuma na yi kuskure da na yi shiru. Ki yafe mini." Yarinyar ta ce: "Babu komai Inna, ni ma ban taɓa gwada shi a ruwa ba." Zannuwa goman nan ba su tsira duka ba, wasu an warware an sake, wasu an saida su da ragi bayan an gaya wa masu saye gaskiyar halinsu. Amma a zuwanmu na ƙarshe mun tarar da ƙaramar roba da ruwan sabulu a gefen kekenta, ta ce yanzu duk zaren da ta sayo sai ya kwana a ciki tare da farin ƙyalle kafin ya hau yadi, kuma Hajiya ta ba ta odar kayan amare biyu.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ba mu ikon faɗin gaskiya da kuma ikon jin ta. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili, mu kwana lafiya.