Ɗan Wa Ne Ɗantata?

Ga kacici-kacici, mai karatu, mu warware shi tare. Suna ne mai harafi bakwai. Daga Kano har Makka an san shi, tsofaffin manoman gyaɗa sun san shi, direbobin manyan motoci sun san shi, amma gidan da ya fito da shi duniya guda ɗaya ne tak. Ba sunan annabi ba ne, ba na sahabi ba, ba kuma sarauta ba ce. Ɗantata. Kowane Bahaushe ya san aikin "ɗan" a gaban suna: Ɗanfodiyo, Ɗanmarina, Ɗanmasani. To, Alhassan Ɗantata, attajirin da aka haifa a Bebeji a 1877, sunan mahaifinsa Abdullahi, mahaifiyarsa kuma Amarya ake ce mata. Babu Tata a cikinsu. Daga ina ke nan?

Abin da zai fara faɗo wa mutumin ƙasar Katsina a rai shi ne gari. Mu a nan yankin da haka muka saba. A kai yaro makarantar boko, malami ya ga Musa uku a aji, sai ya raba su da garuruwansu: wannan Musa Kankiya, wancan Musa Kusada, na can Musa Rimaye. Haka aka sami su Shagari da Malumfashi da Funtuwa a jerin sunayen manyan ƙasa. Kuma abin sha'awa, akwai garin Tata, a kudancin Maroko, a bakin Sahara. Ga shi Alhassan Ba'agale ne, Agalawa kuwa fatake ne da masu tarihi ke danganta asalinsu da arewa. Kamar an kama ɓarawo, ko? A'a. Arewar Agalawa ƙasar Azbin ce, ba Maroko ba, kuma kakan Alhassan, Baba Talatin, daga nan ƙasar Katsina ya kwashe iyalinsa zuwa Madobi. Kuma da sunan gari ne, ai da uban da kakan sun riga shi amsawa. Ba su amsa ba.

To ko rana ce? Muna da Ɗanladi, Ɗanlami, Ɗanjuma, Ɗan'asabe. Wataƙila Ɗan Talata ne baki ya gajarce. Sai dai Hausa ta riga ta yanka wa namijin Talata sunansa, Ɗantala, kuma ba a taɓa jin harshe ya bi da shi ta wata hanya ba. Wani zai ce ai "tata" ce ta mallaka, wato ɗa ne na wata. Wannan ko ɗan firamare zai kayar da shi: ɗiyar tata ake cewa, ɗa kuwa ɗan nata ne. Ko tatar gasara, a ce gidan masu koko ne? Gidan fataken goro ne. Ƙofofin cikin gida sun rufe. Mu leƙa waje.

Indiya. Wanda duk ya taɓa tsayawa a bakin titin Kano zuwa Katsina ya ga mota da tambarin Tata a goshinta. Jamsetji Tata ya kafa kasuwancinsa tun 1868, kuma attajiri da attajiri ba sa rasa hulɗa. Amma lissafin shekaru ya ƙi. Kamfanin Tata bai fara ƙera manyan motoci ba sai 1954, Alhassan kuwa ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, yana da shekara kusan 78, bayan ya shafe kusan duk rayuwarsa da wannan suna. Saura zato ɗaya. Shi ne ya fi kowanne daɗi a kunne.

Faɗi sunan a hankali, ka cire lanƙwasar ɗ. Dantata. Ka jera shi da Dante, D'Amato, D'Antonio. Sunayen mutanen Italiya da wasali suke ƙarewa kamar namu, kuma wannan D da ke gaban wasunsu aikin "ɗan" ɗinmu take yi: D'Antonio na nufin na Antonio, zuriyarsa. Turawan Italiya kuma ba baƙi ba ne a harkar gine-gine a Nijeriya. Kamfanin Cappa da D'Alberto tun 1932 yake, kuma 'yan Italiya ne suka gina madatsar ruwa ta Bakolori. Wanda ya ga allon Dantata & Sawoe a bakin aikin hanya, bai san Kano ba, ba za a ga laifinsa ba in ya ɗauka Turawa biyu ne suka haɗa jari. Amma Turawan mulki sai 1903 suka ci Kano. Lokacin Alhassan ya haura shekara 25. Da sunansa. Wannan ma ya faɗi. Amma ka riƙe Italiya a aljihu, za mu neme ta.

Ka gaji? To ba ni gari. Ba ni Kusada, in faɗa maka.

Abdullahi ya rasu wajen 1885, Alhassan bai kai shekara goma ba. Amarya 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta, tana da harka a Ankara ta ƙasar Gana ta yau. Ta yanke shawarar komawa can. Tafiya ce ta watanni, a ƙasa, cikin ayari. Ba ta yara ba ce. Dole a bar su a Bebeji. A hannun wa?

A hannun wata tsohuwa. Baiwa ce a gidan. Sunanta Tata.

Shi ke nan asirin. Mutanen Bebeji suna ganin yaro a gindin tsohuwa, ita ce cinsa, ita ce shansa, ita ke tura shi makarantar allo, sai suka kira shi da abin da idonsu ya gani: ɗan Tata. Ba liman ya raɗa ba, ba a yanka rago ba. Unguwa ce ta raɗa, kuma sunan unguwa ya danne na yanka a bakin duniya. Ana ba da labarin cewa ita ce ta matsa masa da tanadi tun yana almajiri mai 'yan ƙananan sana'o'i, har ta sama masa asusu. Yanzu fito da Italiya daga aljihu. A harshensu, matar da ke renon yaran wasu, yara "tata" suke ce mata. Babu wata alaƙa tsakanin kalmomin biyu, gamo ne kawai da katar, amma zaton da ya fi kowanne nisa shi ne ya gifta ta ƙofar gaskiya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Alhassan bai yar da sunan ba, alhali ya sami damar yin haka sau da yawa. Ya ɗanɗani bauta da kansa: a yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 an kama shi, sai da fansa ya kuɓuta. Ya yi fataucin goro tsakanin Gwanja da Ikko da Kano. Jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, gyaɗa ta yi daraja, ya zama babban mai saye wa kamfanin Neja, dalar gyaɗa ta tashi. An ruwaito cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20 reshen bankin Ingila na Afirka ta Yamma da ke Kano. Mutumin da ya kai nan, a zamanin da ake jin kunyar a danganta mutum da bayi, da ya ce a kira shi Alhassan Abdullahi ko Alhassan Bebeji, wa zai musa? Ya bar sunan tsohuwar a kansa, a takardunsa, a kamfaninsa. A ganina wannan halacci ne, kuma ya fi raƙuman nan ashirin nauyi.

Wannan ne ma dalilin ƙarancin sunan. Garba da Sani suna ko'ina domin kowa na iya raɗa su, Ɗantata kuwa sai ta jini ake gadonsa, kuma bai cika shekara 150 ba. Ta hannun 'ya'yansa ya bazu: Ahmadu, Sanusi, Mamuda, da Aminu wanda ya rasu a watan Yunin 2025 aka binne shi a Madina. Hajiya Mariya, ɗiyar Sanusi, ita ta haifi Aliko Ɗangote a 1957.

Tituna da gadoji da gine-gine suna ɗauke da sunan ɗan. Ina roƙon zuriyar gidan da hukumomin Kano su gina makarantar marayu a Bebeji, su rubuta sunan Tata a ƙofarta, ita kaɗai, ba tare da "ɗan" a gabansa ba.